Juma'a, 9 ga Ramadan 1439: Mekunu ta doshi Salala

Yau ban taɓuka wani aikin kirki ba in ban da duba taswirar guguwa, domin ƙanena Auta yana Salala, a ƙasar Oman, ita kuwa guguwar, wadda aka sa wa suna Mekunu, can ta sa gaba. Tun bayan sahur na buɗe shafin hukumar hasashen yanayi ta Indiya, wadda ita ke da alhakin bibiyar duk guguwar da ta taso a Tekun Arabiya, na tarar layin da suka zana bai kauce ba ko kaɗan, yana nan miƙe zuwa gaɓar Zufar, a kudancin Oman. A hoton tauraron ɗan'adam farin gajimare ne ya dunƙule yana juyawa, da ɗan rami a tsakiyarsa, kuma duk lokacin da aka sabunta hoton sai in ga ya ƙara matsowa kusa da ƙasa. Shekaranjiya da jiya ta ratsa ta gefen tsibirin Sokotra, jiragen ruwa sun nutse, mutane sun ɓace, har gwamnatin Yaman ta ayyana tsibirin a matsayin yankin da bala'i ya afka wa. Asabar ɗin da ta wuce ne kuma wata guguwar, Sagar, ta kutsa mashigin Adan ta sauka a gaɓar Somaliland. Guguwa biyu ke nan a jere cikin mako guda.

Malam ya leƙo kafin ya fita masallaci, ya ce in kwantar da hankalina, irin wannan guguwa ba ta shigowa Bahar Maliya, saboda tekun siriri ne, kuma busasshiyar iskar hamada tana kashe mata ƙarfi tun kafin ta yi nisa. Gaskiya ya faɗa, tsakanin Jidda, inda muke zaune, da Salala ma ya haura kilomita 1,500. Sai dai ni ba Jidda nake wa fargaba ba.

Bayan an sauko daga Juma'a na samu Auta a waya. Ƙarar iska ta cika layin, sai da ya shiga cikin shago ya ja ƙofa sannan muka ji juna. Ya ce suna kasuwar Haffa tun safe, shi da yaran shago, suna ɗora buhunan lubban a kan katako suna jera buhunan yashi a bakin ƙofa, domin kasuwar a bakin teku take, kuma igiyar ruwa ta riga ta fara tsallako rairayi tana lasar titi. Na tambaye shi inda zai kwana. Ya ce, "Yaya, ɗakinmu ai ba ya kusa da teku, can ciki yake, tafiya ce mai ɗan nisa daga gaɓa. Waɗanda ke bakin ruwa ne aka ce su tashi." Na ce a sama ɗakin yake ko a ƙasa? Ya ce a ƙasa. Na ce akwai kwari ko babbar magudana a kusa da ku? Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wata a bayan layinsu, amma tun zuwansa garin bai taɓa ganin ruwa a cikinta ba, yara ma ƙwallo suke bugawa a ciki.

Wannan amsa ita ta hana ni sukuni yinin nan gaba ɗaya, domin irinta muka riƙa ba wa kanmu a Guwaiza, unguwar da muka zauna a Jidda. Auta yana ƙarami a lokacin, abin da ya rage masa a rai kawai shi ne an ɗora shi a kan rufin maƙwabta an lulluɓe shi da bargo. Ni kuwa ina tune da komai. Ranar Laraba ce, 25 ga Nuwamba 2009, 8 ga Zulhajji, alhazai suna kan hanyar Mina, gari ya yi shiru saboda hutun aikin hajji. Ruwan sama na 'yan sa'o'i aka yi, kuma ko da wasa teku bai taso mana ba. Ta bayanmu ruwan ya zo, daga duwatsun gabas, ya biyo tsofaffin kwaruruka da aka daɗe da cikewa da gidaje da shaguna, ya shigo unguwa jajawur da laka, yana tafe da motoci da tukwanen gas da ƙofofin mutane. Fiye da mutum 120 aka tabbatar sun rasu. A gidanmu alamar da ya bari a bango ta wuce tsayin Inna, kuma har muka bar gidan duk fentin da aka shafa sai layin ya sake fitowa. A Janairun 2011 ruwan ya sake dawowa wasu unguwannin, kafin a kammala madatsu da manyan magudanan da aka gina a gabashin gari daga baya.

Abin da na yi ta ƙoƙarin fahimtar da Auta ke nan. Salala shimfiɗaɗɗen fili ne tsakanin teku da duwatsun Zufar, zamanta kusan ɗaya da na Jidda. Ruwan da garin ya saba da shi yayyafin damina ne, wanda suke kira kharif, mai sauka a hankali daga Yuni zuwa Satumba, ƙasa ta shanye shi, duwatsu su yi kore. Ruwan guguwa dabam ne. Idan gajimaren ya bugi duwatsun nan zai juye abin da ya ɗauko cikin sa'o'i, kuma ruwan ba shi da hanyar zuwa teku sai ta cikin gari. Tekun kuma a daidai wannan lokaci ya kumbura, iska tana turo shi kan tudu, saboda haka bakin kwarin a toshe yake, ruwan dutse ya rasa mafita, sai ya bazu cikin unguwanni. Mutumin da ke tsakiya, wanda yake ganin ya yi nesa da gaɓa, shi ne ruwa biyu ke haɗuwa a kansa. Na tuna masa da guguwar Gonu ta 2007, wadda ta kashe kimanin mutum 50 a Oman, kuma ɓarnar da ta yi a Maskat mafi yawanta ta kwaruruka ta biyo.

Ya ce ya ji, amma maigidansu ya bar masa makullin shago da na sito, kuma kayan da ke ciki dukiya ce mai yawa, idan ya tafi makarantar da aka buɗe wa masu neman mafaka, wa zai leƙa kayan da dare? Ban ga laifinsa ba a kan riƙon amana, da haka aka tarbiyyantar da mu. Amma na ce masa babu abin da mutum ɗaya da tocila zai iya yi wa sito idan ruwa ya shigo, kuma duk maigidan da ya san darajar yaronsa ba zai so a ce ya kwana gadin buhu a daren da hukuma ke cewa kowa ya nemi tudu ba. Na ce ya kira shi ya faɗa masa ƙarara cewa an ɗaga kaya, an jera yashi, an kulle, shi kuma zai tafi. Ya ce, "Yaya, kin san zaman ƙasar mutane, ba kowace magana ake faɗa wa mai gida ba." Wannan ta sosa mini rai ƙwarai, domin na san gaskiya ce, kuma na san da yawa daga cikin waɗanda irin wannan ruwa ke ci baƙi ne ma'aikata, masu kwana a ɗakunan ƙasa da kwantenoni, waɗanda ke jin nauyin tashi ba tare da an ce su tashi ba.

Ashe Inna tana bakin ƙofa tana sauraro. Ta miƙo hannu na ba ta wayar. Ba ta yi masa bayanin kwari ko dutse ba. Cewa ta yi, "Auta, ni na haife ka, kuma na ce ka ɗauki takardunka ka tafi inda aka ce a tafi, yanzu, tun da sauran haske. Idan mai shagon ya yi faɗa, ka ce uwarka ce ta sa ka." Ya ce to, Inna. Ta miƙo mini wayar ta koma ɗaki, ban sake jin muryarta ba sai da la'asar, tana jan carbi.

Shurba ta kama a gindin tukunya, sambusa kuma yara ne suka naɗe ta yadda suka iya. Goggo ta aiko da kunun gyada.

Wajen la'asar aka ce ƙarfin iskar ya kai kusan kilomita 175 a sa'a, an kuma rufe filin jirgin saman Salala tun kafin nan. Abin da na fi sa wa ido shi ne ta wane gefen gari idon guguwar, wato ramin nan na tsakiyarta, zai sauka. A wannan ɓangare na duniya iskarta tana juyawa ne saɓanin hannun agogo, don haka garin da ya faɗo a gabashin idon shi ke shan iskar da ke busowa daga teku kai tsaye, tare da tashin ruwan da take turowa. Taswirar yamma ta nuna idon ya ɗan karkata yamma da gari, wajen Raisut inda tashar jiragen ruwa take, wato Salala tana gefen da ya fi muni. Malam ya ce wanda maciji ya taɓa sara ko igiya ya gani sai ya zabura. Na ce masa wannan karon macijin ne da kansa, kuma bai musa ba, ya zauna muka duba taswirar tare.

Suna riga mu shan ruwa da fiye da sa'a guda, don haka muna cikin jera faranti saƙonsa ya shigo. Hoto ne na wani aji a bene na biyu, an ture kujerun ɗalibai jikin bango, an shimfiɗa barguna a ƙasa. A gabansa akwai dabino a kan murfin kwali, da gorar ruwa, da jakar leda da ya ƙulle fasfonsa da katin zamansa a ciki. Ya rubuta cewa ɗakin cike yake da mutanen Indiya da Bangaladash da 'yan ƙasa, kuma maigidan nasa da ya kira shi cewa ya yi ya tafi, Allah Ya tsare. Na kai wa Inna ta daɗe tana kallon hoton, ta tambaya ko tagogin nan masu ƙarfi ne, na rubuta masa ya matsar da shimfiɗarsa nesa da gilashi.

Bayan asham na tarar an cika zauren danginmu na WhatsApp da bidiyoyi, wasu na tabbata ba na Salala ba ne, domin har da wanda na gane titin Jidda ne na shekarun baya. Na roƙi kowa ya daina turo abin da bai tantance ba, saboda Inna tana cikin zauren kuma duk abin da ta gani gaskatawa take yi. Saƙon Auta na ƙarshe ya ce wuta ta ɗauke, ruwa yana zuba ba ƙaƙƙautawa, zai kashe waya don adana caji. Na tura masa cewa ko da an wayi gari iska ta lafa kada ya yi gaggawar komawa duba shago, domin ruwan dutse yakan ci gaba da gangarowa bayan sama ta ɗauke, kuma kada ya kuskura ya tsallaka kwari da ƙafa ko a mota. Saƙon bai shiga ba tukuna. Ana sa ran idon zai sauka wajen tsakar dare agogonsu, ni da Malam mun yanke shawarar ba za mu kwanta ba sai bayan sahur, kuma ba za mu tashi Inna ba sai idan shi da kansa ya kira.