Kafin ka ja gidanka a bayan a-kori-kura

Wani ɗan'uwanmu a nan Houston ya sayi tirelar kwana irin wadda Amurkawa ke kira fifth wheel, kuma tun daga lokacin wayata ba ta huta ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da nake gaya masa, ko wani ma ya amfana.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin manyan motoci ya ga yadda kan tirela ke shiga ƙarƙashin bodi, to ya gane tsarin. Farantin ƙarfe ne ake kafawa a cikin bodin a-kori-kura, daidai saman tayoyin baya, sai turken tirelar ya faɗa ciki ya kulle. Shi ya sa ba ta yawan rangaji a hanya kamar wadda ake ɗaurawa a bamba. Amma kuma shi ya sa nauyinta ke zaune a kan motarka, kuma a nan ne sababbin shiga ke faɗawa rami.

Dillali zai ce maka motarka tana iya jan nauyin fam dubu kaza. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba ita ce tambayar ba. Tambayar ita ce nawa motar ke iya ɗauka. Kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirelar yana sauka ne a kan farantin nan. Tirela mai fam 12,000 za ta iya ɗora maka fam 2,400, sama da kilo 1,000 ke nan, tun ba a lissafa farantin kansa ba, da kai, da uwargida, da yara, da kulolin abinci. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ƙarfen da ke faɗin iyakar kayan da motar za ta ɗauka. Irin su Ford F-150 da yawa ba su wuce fam 2,000 ba. Ni ra'ayina, in ba ka da babbar a-kori-kura irin F-250 ko Ram 2500 zuwa sama, ka haƙura da babbar tirela, komai kyan kicin ɗinta. Bayan ka loda kaya kuma, ka biya ta ma'aunin nauyin mota na kamfanin CAT da ke tashoshin manyan motoci ka auna. Kuɗin kaɗan ne. Ka kuma duba lasisinka: a Texas, in jimillar nauyin da aka ƙayyade wa mota da tirela ta kai fam 26,001, tirelar kuma ta haura 10,000, lasisin yau da kullum bai isa ba.

Wajen haɗawa, kada ka yarda da ƙarar kullewa da ka ji kawai. Sauke ƙofar bodi, sa waiji a tayoyin tirelar, yi ribas a hankali. In ta kulle, sauko da tocila ka leƙa ka ga ƙarfen ya rungume turken. Sannan ka ɗaga ƙafafun gaban tirelar kaɗan kawai daga ƙasa, ka danne birkin tirelar, ka ɗan ja gaba. In za ta zame, ta faɗa kan ƙafafunta, ba kan bodin motarka ba. Mai gajeren bodi kuma ya nemi faranti mai zamewa baya, in ba haka ba goshin tirelar zai fasa masa gilashin baya a kwana mai tsini.

Auna tsayinta da kanka bayan ka haɗa, har da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi. Da yawa suna kai ƙafa 13. Rubuta lambar ka manna kusa da sitiyari, domin gada da rumfar gidan mai ba sa jin ban haƙuri. A kwana kuma ka buɗe sosai, tayoyinta suna yanke hanya ta ciki.

Sai zancen ruwa, wanda babu dillalin da zai yi maka shi yadda ya shafe mu. Gida mai alwala sau biyar a rana yana cika tankin ruwan wanke-wanke da wuri, don haka ni a waje nake yin tawa da buta in yanayi ya bari. Tankin bayan gida kuwa, tsarkin da muke yi da ruwa alheri ne gare shi, don rashin ruwa ne ke sa ƙazanta ta daskare a ciki. Ka bar bakinsa a rufe ko da kana haɗe da magudanar sansanin da ake ajiye tirela a kwana, sai ya kai kashi biyu cikin uku ka buɗe, sannan ka saki ruwan wanke-wanken ya ɗauraye tiyo.

Tayoyi: akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, mako da shekarar ƙira. Tayar tirela tsufa ke kashe ta kafin ta suɗe, ko da zanenta na nan sabo fil. Fitar farko kuwa ka yi ta a sansanin da bai wuce tafiyar awa ɗaya daga gida ba, ka kuma isa da rana tsaka, domin ribas da dare a wurin da ba ka sani ba yana haɗa miji da mata faɗa.