Wanda aka duba sai ya fita: abin da na gani a busa gasar unguwa

Ni dai ina busa ne a gasannin unguwa, irin wanda ake haɗawa bayan sallah ko lokacin hutun makaranta, fili ƙasa zalla, layi da toka ake ja, likitan ƙungiya kuma wani yaro ne mai riƙe da ledar fiya wata da kwalbar man zafi. To a duk dokokin ƙwallo babu wacce ta fi jawo min hayaniya irin ta cewa ɗan wasan da aka shigo aka duba shi sai ya fita waje. Ofsaid ma bai kai ta ba wallahi, domin shi ofsaid ana yin ihun a wuce, wannan kuwa mutum na tsaye a bakin layi yana ɗaga maka hannu, kocinsa na zaginka, ƴan kallo suna taya shi.

Abin da dokar take cewa ba shi da wuyar ganewa. Yana cikin doka ta 5 a kundin IFAB, wato hukumar da take rubuta dokokin ƙwallo. Idan ciwon ƙarami ne alƙali ya bar wasa ya ci gaba har sai ƙwallo ta fita, idan babba ne ya tsayar nan take. Masu magani in sun shigo dubawa kawai za su yi, ba a yin jinya a cikin fili, a fitar da shi, kuma ba zai dawo ba sai an ci gaba da wasa sannan alƙali ya ba shi izini. In ƙwallo na tafiya ta layin gefe kaɗai zai shigo, in ta fita to ta ko'ina. Mai zubar da jini kuwa ba ma sai an yi magana ba, waje, sai jinin ya tsaya kuma babu shi a rigarsa.

Rigimar tana wajen waɗanda aka ɗauke wa fitar, kuma nan ne na lura yawancin masu ihu ba su san su ba, har da wasu kocin. Gola ba ya fita. Gola da ɗan wasa in sun yi karo duka a ciki za a duba su. Ƴan ƙungiya ɗaya in suka gwabza da juna su ma haka, don ba a rage wa ƙungiya mutum biyu lokaci guda. Mummunan rauni irin buguwar kai ko karaya a nan za a fara taimakonsa. Sai wanda aka ƙara a 2016, idan ƙetar da aka yi maka ta sa an ba wancan yalo ko jan kati, to kana nan ciki muddin an duba ka da sauri. A 2019 kuma aka ce in an samu fenariti kuma wanda ya ji ciwon shi ne mai bugawa, shi ma ba zai fita ba.

Wannan ta katin ita na fi so, saboda kafin ta zo abin akwai zalunci a ciki. A sharɓe ka, a ba mai laifin yalo ya ci gaba da gudunsa, kai kuma a ce ka fita ƴan uwanka su buga su goma. Amma a lura, sai in an ba da katin. Akwai ranar da aka taka wani ɗan gaba, ƙeta ce amma ba ta kai ta kati ba, yaron fiya wata ya shigo ya zuba masa ruwa a ƙafa ya murza, na nuna masa waje. Kocinsu wani dattijo ne da nake ganin girmansa, ya biyo layi yana cewa haba alƙali, a doki yarona kuma ka kore shi? Na ce Baba ka yi haƙuri, ban ba da kati ba, da zarar an buga zan kira shi. Ya ce to ka ba da katin mana. Na ce Baba ai ba a sayen kati da ciwo. Ya juya yana ta faɗa, amma bayan an tashi shi ne ya fara miƙo min hannu.

Abu na farko da aikin ya koya min shi ne kada ka yi saurin kiran masu magani. Ina zuwa kan ɗan wasa in tsuguna in tambaye shi, za ka iya tashi ko a kira su, in sun shigo fa fita za ka yi. Wallahi da yawansu a nan take suke warkewa, ka ga mutumin da yake birgima kamar an watsa masa ruwan zafi ya miƙe yana karkaɗe wando. Musamman in ƙungiyarsa na gaba da ci ɗaya kuma saura kaɗan a tashi, ga magariba ta kawo jiki, kowa ya san in duhu ya yi babu fitila ba za a iya ƙara wani lokacin kirki ba. Cin lokaci ne kawai, kuma dama don shi aka yi dokar.

Turawan ma da shi suke fama. Firimiya ta Ingila a kakar 2023/24 ta ce wanda ya fita sai ya yi aƙalla daƙiƙa 30 a waje. Gasar MLS ta Amurka ta fi tsanani, a 2024 suka ce in ka wuce daƙiƙa 15 a kwance har aka shigo duba ka, minti biyu za ka yi a waje. FIFA ta gwada minti biyun a kofin ƙasashen Larabawa na 2025 a Qatar, sai IFAB a taronta na Fabrairun 2026 ta tsaya a kan minti ɗaya.

Mu ma mun gwada minti ɗayan a wata gasa, amma sai da na sa masu shiryawa suka tara kocin da kyaftin kaf kafin wasan farko aka faɗa musu a gaban kowa, domin a filin unguwa in ka fito da doka a tsakiyar wasa, ko daga sama ta sauko, cewa za a yi an saye ka. Faɗuwar ƙarya ta ragu sosai. Sai dai wahalar ta dawo kaina, ga ƙwallo ina bi ga agogo ina kallo ga mutum a bakin layi, shi ya sa na ɗora wa mataimakina na ɓangaren benci ƙirgar, in ta cika ya ɗaga min hannu ni kuma in yafito ɗan wasan. Kuma ba na shigo da shi daidai inda ƙwallon take, kar ya faɗo ta bayan mutum ya ƙwace, wannan ma wata fitinar ce. Jinkirin ma bai kamata ya yi yawa ba, in aka ci su alhali mutuminsu na waje yana jira, ranar sai dai a raka ka gida.

Yanzu dabarar ta koma wajen gola. Tunda an san ba ya fita, sai koci ya yi masa alama ya zauna ya riƙe cinya, sauran goman su ruga benci su sha ruwa su karɓi sabon bayani. Kana gani ka san ƙarya ce amma ba ka da ikon cewa ƙarya ce, kai ba likita ba. Abin da nake yi kawai in nuna musu agogo a fili in tsayar, su san duk abin da aka ci zan mayar.

Wani abin kuma da ya fi damuna, yaran da suka ji ciwon gaske sun fara ɓoyewa don kar a fitar da su. Targaɗe ko masul ba na matsawa, jikinsa ne. Amma buguwar kai ba na wasa da ita. Duk wanda ya kalli Ingila da Iran a kofin duniya na 2022 ya tuna golan Iran Beiranvand da ya yi karo da ɗan bayansu, aka daɗe ana dubansa, ya ce zai iya, bai jima ba ya sake kwanciya aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, har aka ƙara minti 14 a zagayen farko. Can da likitoci ke nan. Mu da ba mu da kowa, in kai biyu suka haɗu ina busawa ne take ko da ana gab da cin ƙwallo, in tambayi yaron sunan ƙungiyar da suke bugawa da ita da nawa ake ci, in ya tsaya yana zare ido ko yana tangaɗi sai in kira kocinsa gefe in ce masa ya yi canji, a samu mai mashin ya kai shi asibiti tun kafin a tashi.