Tsarabar da na yo daga ruga a bayan Koko

Da sanyin safiya muka bar Birnin Kebbi, ni da Kawu, za mu dubo shanunsa a wata ruga bayan Koko. Damina ta yi nisa. A Jega muka tsaya shan fura, gulbin Zamfara ya cika maƙil, shinkafar fadama ta yi shar. Daga bakin titi babur ya ɗauke mu, ragowar tafiyar kuma a ƙafa, ciyawa har gwiwa.

Kwana biyu muka yi. Ranar dawowa ina alwala sai na ji wani ɗan ƙullutu a bayan gwiwata. Ashe kaska ce, raɓi mai jini, ta sha ta ƙoshi. Na kai hannu zan murje ta, Arɗo ya riƙe ni. "A'a yaro, kada ka fasa ta." Ya ɗauko matsefata, ya kama ta daf da fata, ya ja a hankali har kan ya fito. Na wanke wurin da sabulu, na manta da zancen.

Kwana 6 da dawowa zazzaɓi ya kwantar da ni, ga ciwon kai, ga ciwon jiki. Na ce na sauro ne, na sha magani daga kemis har kwana biyu, ba sauƙi. A asibiti gwajin maleriya bai nuna komai ba. Sai likita ya tambaye ni ko na shiga daji ko cikin dabbobi kwanan nan. Da na nuna masa wurin cizon, ya yi baƙin ɓawo kamar ƙunar taba, kaluluwa kuma ta fito mini a matsematsi. Ya ce zazzaɓin cizon kaska ne, ya rubuta mini doxycycline.

Maganarsa ta gaba ita ta fi tsaya mini a rai. Akwai wani zazzaɓin kaska mai sa zubar jini, Kirimiya-Kwango, wanda kan kashe 10 zuwa 40 cikin 100 na masu shi. Yakan taso farat ɗaya, kwana 1 zuwa 3 bayan cizo, da ciwon wuya da baya, ido ba ya son haske, daga baya haɓo ko jini a dasashi. Wanda ya ga haka, asibiti a ranar, kuma ya faɗi cewa kaska ta cije shi. Jinin dabba wajen yanka ma yana yaɗa shi.

Ina jin haka na tuna yaran rugar, yadda suke ɓantaro wa shanu kaska da farce suna fasawa. Tun kafin in bar harabar asibitin na kira Kawu, na ce don Allah ya isar wa Arɗo.