Takardar da Ta Biyo Ni Gida

Ranar da na karɓi lasin tuƙi na jihar New Jersey, a watan Disamban 2021, ji na yi kamar a ranar na sauka Amurka. Wata bakwai kafin nan ina fama da bas da jirgin ƙasa daga Newark zuwa siton da nake aikin lodin kaya. Matata ta riga ni zuwa da shekara uku, ma'aikaciyar jinya ce, kuma motar gidan tata ce. Idan tana aikin dare, ni da ƙafata. Saboda haka lasin na zuwa hannu muka tattara abin da muke da shi na sayi wata tsohuwar Camry mai ruwan toka, wadda ta sha duniya amma injinta lafiya lau.

Sai maganar inshora. Ni dai a Zariya abin da na sani shi ne wata takarda ta naira 5,000 a shekara, wadda ake ninkewa a cusa cikin takardun mota don nuna wa 'yan sanda. Na ji an mayar da ita 15,000 daga 2023. Ban taɓa ganin wanda inshorar ta biya ko kwabo ba, ban kuma taɓa jin wanda ya je nema ba. A nan kuwa matar da na samu a waya ta tambaye ni shekara nawa na yi ina tuƙi. Na ce goma sha biyar, da alfahari. Ta ce a Amurka take nufi. Na ce kwana huɗu. Shi ke nan, duk hanyar Kaduna da ta Funtuwa da na sha bi suka tashi a banza, aka sa ni a layin yara masu koyo. Dala 231 duk wata. Na lissafa da naira sau ɗaya, ban ƙara ba, don kada hawan jini ya kama ni.

A watan Yulin 2022 aka yi wa wani aminina haihuwa a Greensboro, can jihar North Carolina, inda 'yan Nijar suke da yawa. Tafiyar kusan awa tara ce. Na ɗauki Baba Alhaji, wani dattijo ɗan Maraɗi da ya fi shekara ashirin yana tuƙa tasi a New York, wanda tun zuwana shi ne uban ɗakina a kan duk abin da ya shafi ƙasar nan, daga inda ake samun naman halal mai arha har yadda ake cike takardar haraji. Muka yi asubanci muka bi babbar hanya ta 95, muka ratsa Delaware da Maryland, muka sha cunkoson Washington, muka shiga Virginia. Bayan Petersburg muka karkata zuwa ta 85. Titi ya miƙe santal, itatuwa hagu da dama, ba rami, ba akuya, ba ɗan acaɓa. Alhaji ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula.

Ga wani abu da ba wanda ya faɗa mini. Idon da ya saba da kilomita, mil yana yaudararsa. Allurar da ke kan 86 ba ta ba ni tsoro, don ni a saba'ata sai ta wuce 120 ake cewa mutum ya taka mota. Alhali mil 86 kusan kilomita 138 ke nan. Allon gefen hanya kuwa 70 ya ce.

Shuɗiyar fitila na gani a madubi. Na gangara gefe, kuma kafin in yi tunani hannuna ya kai kan marfin ƙofa, zan fita in je in gaishe shi kamar yadda ladabi ya koya mana. Alhaji, wanda na ɗauka barci yake, ya cafke mini hannu.

"Kada ka kuskura ka buɗe ƙofar nan. Sauke gilashi. Ɗora hannu biyu kan sitiyari inda zai gan su. Kuma kada hannunka ya je aljihu sai ya ce ka ɗauko."

"Baba, ko ɗan haƙuri ba zan ba shi ba?"

"Yaro, nan ba Kwangila ba ce."

Ɗan sandan ya zo ta gefe, ya gaishe mu da mutunci, ya karɓi lasin da takardar rajistar mota da katin inshora, ya koma motarsa. Minti goma ya yi a ciki. Duk tsawon lokacin ina harhaɗa kalmomin roƙo a zuci: baƙo ne ni, suna za mu, ban san hanya ba. Da ya dawo ko fara su ban yi ba. Ya miƙo takarda da biro, ya ce sa hannu ba amsa laifi ba ne, alkawari ne cewa zan bayyana a kotu ranar da aka rubuta. Ya ce mu sauka lafiya. Ba tsawa, ba zagi, ba "me ka kawo mana". Har na ce wa Alhaji ai mutumin kirki ne.

A wajen suna, bayan an ci tuwo an fara shayi, na fito da takardar don neman shawara, kuma na samu fiye da yadda nake so. Wani ya ce in shiga intanet in biya in huta. Wani ya ce in yaga, ai ba a Virginia nake zaune ba, wa zai biyo ni har Newark saboda gudu? Alhaji ya yanke hukunci irin na manya: tikitin tarar wata jiha ba ya sa wa mutum makin laifi a lasinsa, irin wanda idan ya taru ake dakatar da lasi, shi ya sha samu, bai taɓa ganin komai ba.

'Yar wan mai gidan ce ta kawo tire, yarinyar da aka haifa a nan, tana aiki a wani ofishin inshora. Ta leƙa takardar ta ce, "Kawu, mu gani." Ta karanta, ta ɗago. "Kawu, wannan ba tikitin biya ba ne. Sammaci ne. Tuƙin ganganci suka rubuta maka."

Shayin ya fita raina. A dokar Virginia, duk wanda ya ɗora mil 20 a kan ƙa'idar hanya, ko ya wuce mil 85 ko da nawa ne ƙa'idar, ya yi tuƙin ganganci. Da can ma 80 ne, sai a Yulin 2020 aka ɗaga zuwa 85. Ni sha shida kawai na ɗora, amma mil ɗayan nan da ya haura 85 shi ya fitar da ni daga sahun masu tara ya kai ni sahun masu laifi. Ajinsa ɗaya da na wanda aka kama karon farko yana tuƙi a buge: alƙali na iya ɗaure mutum har wata goma sha biyu, ya ci shi tara har dala 2,500, ya dakatar da tuƙinsa har wata shida. Ba a biyansa ta intanet. Ni da ko sigari ban taɓa sha ba.

Maganar Alhaji kuma ba ƙarya ba ce, gaskiyar New York ce. Jiharsa ba ta sa wa direbobinta maki kan ƙananan laifuffukan da suka yi a wasu jihohi, sai dai, abin mamaki, waɗanda suka yi a Ontario da Quebec na Kanada. Tawa jihar kuwa maki biyu take sa wa mutum kan irin wannan laifi idan a wata jiha ya yi shi. Kogi ɗaya ne tsakaninmu, amma doka biyu. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni wuyar ganewa a ƙasar nan. Mu mun saba lasi ɗaya ne daga Sakkwato har Fatakwal. Su kowace jiha da lasinta, da dokar gudunta, da yadda take ƙirga maki. Amma kada wannan ya ruɗi mutum ya ɗauka ba sa magana da juna. Yawancinsu sun sa hannu a wata yarjejeniya, Driver License Compact, wadda a ƙarƙashinta jihar da ka yi laifi take aika wa jiharka labari. Akwai wata ta biyu kuma a kan masu ƙin biya: ka yi biris da tikitin wata jiha, taka jihar ce za ta dakatar da lasinka har sai ka je ka wanke kanka. Mai shawarar in yaga, daga baya na ji shi kansa haka ta faru da shi. Bai sani ba sai da aka tsayar da shi kan fitilar baya da ta mutu, aka ce masa wata huɗu ke nan yana yawo da mataccen lasi.

Ban cika sati biyu da dawowa ba wasiƙu suka fara cika mana akwati. Lauyoyin Virginia ne, mutanen da ban taɓa gani ba, kowa ya san sunana, da adireshina, da gudun da na yi, da ranar kotuna. Ashe bayanan kotu a buɗe suke ga mai son dubawa. Matata ta jera su a kan tebur kamar katunan biki, ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Abin da ya hana ni barci ba tarar ba ce, katin zamana ne. Takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambaya ko an taɓa kama ka, ko an ba ka sammaci, ko an same ka da laifi. Ƙaramin tikitin da tararsa ba ta kai dala 500 ba, ba kamu, ba giya, ba a neman ka kawo takardunsa. Amma hukuncin aikata laifi wani abu ne da zan riƙa bayani a kansa duk inda na je, har wajen neman aikin tuƙi, wanda a lokacin shi nake hari.

Na ɗauki ɗaya daga cikin lauyoyin a kan dala 500. Ya ce in kwantar da hankali, da wuya a ɗaure mai 86 da bai taɓa laifi ba, amma kada in zauna. Ya sa na ciro tarihin tuƙina daga hukumar motoci ta New Jersey, shafi ɗaya fari fes, wanda a karon farko gajartarsa ta yi mini rana. Ya sa na yi kwas na awa takwas a kwamfuta kan kyautata tuƙi, na kai motar aka auna allurar gudunta. A watan Satumba ya tsaya mini a kotu, ni ina Newark ina ɗaga kwalaye, waya a aljihu, gabana na faɗuwa. Wajen azahar ya kira: alƙali ya sauke laifin zuwa gudun wuce ƙa'ida kawai. Tara da kuɗin kotu, dala 190. Na shiga bayan wasu kwalaye na yi sujada.

Na ɗauka an gama. Maki biyun suka bayyana a tarihina, ban damu ba, tunda a New Jersey sai sun kai shida cikin shekara uku ake fara cajin mutum ƙarin kuɗi, sai sha biyu ake dakatar da lasi, kuma shekara guda ba laifi tana goge uku. Sai ga Disamba, lokacin sabunta inshora. Dala 279.

Na kira su da zafina. Na ce ban yi haɗari ba, ban nemi su biya ni ko sisi ba, abin ma ba a jiharmu ya faru ba. Wanda ya ɗauka ya saurare ni har na gaji, sannan ya karanto mini ranar, da jihar, da laifin. Na ce ai makin za su goge. Ya ce makin na hukuma ne, su ba maki suke dubawa ba, abin da aka rubuta suke dubawa, kuma za su riƙa ganinsa shekara uku. Na kira yarinyar nan ta Greensboro, ta ce haka ne, wasu kamfanonin ma har shekara biyar suke waiwaye. Ta ƙara da cewa in gode Allah da aka sauke shi, don da tuƙin gangancin ne ya zauna, da abin da zan gani ya fi haka. Har Alhaji ta taɓo: rashin maki a New York ba ya nufin kamfani ba zai taɓa sani ba.

Dala 48 a wata ba ta da girma a baki. Sau 36 kuwa 1,728 ce, kusan ninki tara na tarar da alƙali ya ci ni. Na zagaya wasu kamfanoni neman sauƙi, kowanne tambayarsa ta uku ita ce ko na samu tikiti cikin shekara ukun da suka wuce, kuma na lura tambayar ladabi ce kawai, amsar tana gabansu. Daga ƙarshe na samu wanda ya rage mini kaɗan saboda mun haɗa motata da ta matata a takarda ɗaya. Watan nan kuɗin da nake aika wa Inna ya ragu, na ce mata aiki ne ya yi sanyi. Ta yaya zan bayyana wa tsohuwa cewa gudun da na yi a wani daji tun damina shi ke cin kuɗin cefanenta da hunturu?

Bara aka sa bikin yarinyar, muka sake ɗaukar hanya ni da Alhaji. Muna wuce Petersburg na saita na'urar riƙe gudu a kan 70 daidai, na ɗauke ƙafa. Tireloli suna wuce mu, wata tsohuwa mai farin gashi ta wuce mu, har wani mai jan kwale-kwale a bayan motarsa. Can gaba muka hangi shuɗiyar fitila a gefe, an tsayar da wata baƙar jif mai lambar New York, direban ya ɗora hannu biyu kan sitiyari. Alhaji ya bi su da kallo har suka ɓace, ya ɓantari goro, ya dubi allurar.

"Ɗaurin aure ƙarfe biyu ne fa," in ji shi. "A haka sai dai mu iske sunan ɗan fari."