Wasiƙa Daga Faransa Kan Gansakukar Da Ake Ci

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na ƙasar Haɗeja, da duk wanda wannan takarda ta riska a ƙauyukan Jigawa da Kano. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne game da wani koren gari mai suna sifirulina, wanda tallansa ya fara yawo a wayoyinku, har ana cewa yana warkar da ciwon suga da hawan jini da ciwon daji. Ana noma shi a nan kudancin Faransa inda nake zaune, saboda haka na ga wajibi ne in yi muku bayani kafin wani ya sayar da akuyarsa a kansa.

Sifirulina wata ƙaramar halitta ce da ake lissafawa cikin dangin gansakuka, kuma ba ta bunƙasa sai a ruwa mai ɗumi mai kanwa. Maƙwabtanmu Kanembu na gabashin Tafkin Chadi sun daɗe suna cin ta. Matansu ne ke kwasar ta daga saman tafkunan kanwa, su zuba a ɗan ramin da suka gyara cikin rairayi, ruwan ya tsotse, rana ta busar da ita, sannan su yayyanka ta gutsure-gutsure su kai kasuwa da sunan dihe, a kaɗa miya da ita a ci tuwon gero. A shekarar 1964 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar birnin da yanzu ake kira Injamena, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa fiye da rabin nauyin busasshiyarta furotin ne, wato sinadarin gina jiki.

Na shiga gonarta a nan. Kwami ne mai faɗi a ƙarƙashin rumfar leda, zurfin ruwansa bai kai gwiwa ba, da wata ƙafar inji da ke juya shi a hankali domin hasken rana ya ratsa ko'ina. Da sassafe suke tace ruwan da ƙyalle mai laushi, su matse abin da ya taru, su murza shi siri-siri kamar taliya, su shanya ba tare da zafi mai yawa ba. Zafin da suke wahalar samu a nan, har su dakatar da aiki lokacin hunturu, shi ne muke da shi kyauta kusan duk shekara.

Amfaninta na gaske yana cikin sinadarin ƙarfe da ke taimakon mai ƙarancin jini, da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. A Wagadugu ta Burkina Faso an gwada haɗa ta da kunun gero da waken suya da gyaɗa ga yara masu tamowa, sakamakon da aka wallafa a 2006 kuma ya nuna sun ƙara nauyi. An yi wasu gwaje-gwajen a kan manya, mafi yawansu ƙanana kuma na gajeren lokaci, aka ga ɗan raguwar kitsen jini da hawan jini. Iyakar abin ke nan, kuma ina roƙon duk mai shan maganin asibiti kada ya ajiye shi saboda ita. Ko furotin ɗin da ake ta kururutawa, wanda ke cikin ƙaramin cokali guda na garinta bai wuce giram 2 ba, alhali giram 100 na gyaɗa yana ɗauke da kusan 25. Wanda ke da wake da zogale da daddawa bai kamata ya raina tukunyarsa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kada wani ya ji wannan labari ya nufi kududdufin bayan gari. Koren da ke lulluɓe ruwan kwance lokacin zafi yakan ƙunshi wasu ire-iren da ke fitar da guba mai lalata hanta, wadda tafasawa ba ta kashe ta, kuma ido ba ya rarrabe mai guba da marar guba. A 1996, a garin Caruaru na ƙasar Burazil, fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda sun rasu bayan an yi musu aiki da ruwan da wannan guba ta gurɓata. Dabbobi ma tana kashe su, don haka makiyaya su kiyaye wurin shayarwa. Wanda zai sayi garin sifirulina kuwa, ya nemi lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC a jikin kwalbar, ya guji wanda ake aunawa a leda, domin sifirulina tana zuƙar dalma idan ruwan nomanta ba shi da tsabta.

Burina shi ne malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Jami'ar Bayero su kafa kwamin gwaji da irin da aka tantance, su riƙa auna ruwan da amfanin a ɗakin bincike, sannan su koya wa ƙungiyoyin mata aikin, tunda kanwa da rana ba su yi mana wuya ba. Kafin a kai ga haka, yaron da ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura, a hanzarta kai shi asibiti inda ake ba da abincin tamowa, kada a tsaya jiran wani gari daga intanet.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ɗanku, daga kudancin Faransa.