Ranar da na yanke shawarar ajiye aikin koyarwa

Shekara huɗu na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi da ke Tudun Wada a Gombe, kuma ban taɓa tunanin tafiya saboda albashi ba, duk da cewa bai kai naira 70,000 da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba. Mataimakin shugaban makarantar ne ya sa ni a gaba. Yakan daka mini tsawa a gaban ɗalibai, ya ƙara mini azuzuwa ba da sanina ba, ya hana a gaya mini lokacin taron malamai, sannan washegari ya aiko mini da takardar tuhuma a kan rashin halarta.

Wata takwas ina haɗiye abin, kuma wannan shirun shi ne babban kuskurena, domin ya ɗauke shi a matsayin amincewa. Wata dattijuwar malama ce ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanwata, ki riƙa rubutawa, domin baki yana musu, takarda ba ta yi." Na sayi littafi ina rubuta rana da abin da aka faɗa da waɗanda suke wurin, har na samu abin da zan kai wa mai makarantar a rubuce.

Ya karanta, ya ninke takardar, ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, haka halinsa yake." Na ce, "Ranka ya daɗe, haƙurin ne ya kawo ni nan." Bai kira shi ba, bai tambayi shaida ko ɗaya ba. A ofishin nan zuciyata ta bar aikin, kuma a nan na gane cewa da ya zaunar da mu sau ɗaya kawai ya saurare ni, da na ci gaba da jure mutumin.

Sai daga baya na san cewa Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan cin zarafi a wurin aiki tun 2022, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraron irin wannan ƙara. Da na sani tun farko, da na ambace su a takardar kokena.

Dokar ƙwadago ta nemi sanarwar mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar yana aiki. Na ba su wata guda, saboda 'yan ajin ƙarshe da nake shiryawa don jarrabawar WAEC.