Darasin da na tsallake

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ɗakin horaswa, bayan shekara huɗu ina koyar da kociyoyi a wurin motsa jikinmu. Waɗanda muka yi aiki tare sun san komai, ba sai na lissafa ba. Magana ɗaya ce na daɗe ina haɗiyewa.

A shekarata ta biyu aka buɗe ajin dattawa, masu ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa. Ni na tsara karatun kociyoyin da za su riƙe ajin. Na koya musu abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Na yi ta nanata musu cewa motsa jiki yana saukar da suga har suka haddace. Amma ko sau ɗaya ban ce musu yana iya saukar da shi har ya kayar da mutum ba.

Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa da yake zuwa kai tsaye daga masallaci bayan Asuba. Kocinsa shi ne ƙaramin cikinsu, kuma ya fi kowa ƙwazo. Ran da abin zai faru, Alhaji ya haɗiye ƙwayarsa ta ciwon suga mai suna glibenclamide, bai karya ba, ya hau keke. Can sai gumi ya karyo masa, hannu na rawa. Yaron ya gani ya ce, "Baba, haka ake so, kitse ne ke narkewa, a ƙara minti biyar." Alhaji ya sauko yana wata magana marar kan gado, ya zube, bakinsa ya daki ƙarfe, haƙori ya fita. Allah ya sa akwai wani ma'aikacin jinya cikin masu zuwa da safe. Shi ya gane sugan Alhaji ne ya sauka, da ya ga yana iya haɗiya ya aika aka sayo lemon kwalba.

Ita wannan ƙwayar tana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga, ko an ci abinci ko ba a ci ba, saɓanin metformin, wata ƙwayar ciwon suga, da ita kaɗai ba ta cika saukar da suga fiye da kima ba. Idan na'urar gwada suga ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, a ba mutum giram 15 na suga, kamar rabin kwalbar lemo, a jira minti 15 a sake gwadawa. Duk na san wannan, har jarrabawa na ci a kai. Kawai na ɗauka hurumin likita ne, na tsallake shi don karatun ya ƙare da wuri.

Da hantsi 'ya'yan Alhaji suka zo. Oga ya kira yaron, ya wanke shi tas a gabansu, ya ce ya ajiye rigar aiki. Sannan ya juyo ya ce da ni, "Malam, ai ka koya musu, ko?" Na ce, "E, ranka ya daɗe." Yaron ya dube ni, bai ce uffan ba.

Wannan Ogan fa shi ne na kai wa takardar tambayoyin lafiya tun kafin a buɗe ajin, wadda za a rubuta cutar mutum da maganin da yake sha, ya ture ta ya ce, "Mu ba asibiti ba ne, za ka korar mana mutane." Ya san da haka lokacin da yake tambayata. Amma laifi tudu ne, kuma ranar na ga nawa sarai. Albashina na tsare da waccan "e" ɗin.

Na sake rubuta karatun tun daga farko ba tare da an sa ni ba. Yanzu babu kocin da zai ɗora dattijo a kan keke bai tambaye shi abu biyu ba: me ka ci, wane magani ka sha? Su kan yi min dariya su ce na mayar da su masu awon asibiti. Su yi. Tun daga ranar ba a sake ɗaukar kowa daga ƙasa a ajin nan ba.

Sauran darussan ba su da tsawo. Mai shan atenolol, maganin hawan jini, bugun zuciyarsa ba ya hawa yadda aka saba, a sa shi magana, in yana iya hira yana tafiya to da sauƙi. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi wajen ɗaga ƙarfe. Mai sikila, ruwa da inuwa, kuma in ya ce ya gaji a yarda da shi. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, don ciwo na iya cinsa bai ji ba. Lokacin hunturu mai asma ya zo da abin shaƙarsa. Da azumi a mayar da ajin bayan shan ruwa.

Na je na sami yaron bayan wata uku, yana koya wa yara ƙwallo a wani fili. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Haba Malam, ba komai, rabona ne ya ƙare a can." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Wanda zai gaje ni, akwai dabino a aljihun tebur na ƙasa. Na'urar gwada suga Oga ya saya bayan abin ya faru, amma tsinken gwajin daga aljihuna nake sayowa, kuma wanda ya rage ba zai kai ƙarshen wata ba.